Ranar da Aka Kai Kwamfuta Gaban Mai Unguwa

Gwaggo Binta ƙanwar babana ce, kuma duk gidanmu ba wanda ya san ainihin aikinta. Idan aka tambayi kakarmu sai ta ce, a asibiti take aiki amma ba ta yin allura. A hutun da ya wuce ta zo mana Kiru. Wata rana da la'asar ina tsinkar zogale a tsakar gida, ta zazzage jakarta a kan tabarma tana neman makulli. Na ga caja kala-kala a harɗe da juna, da waya mai tsagaggen gilashi, da fawabank da aka naɗe da salatif, da busasshen dabino a leda, da silifas na roba wanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa.

Yaya Nura, wanda ya gama sakandare bana, ya leƙo ya ce, "Gwaggo, ni ma irin aikinki zan yi. A zauna a mota mai sanyi, kwamfuta a cinya, ana cewa wasu su yi."

Gwaggo ta ce ya zauna ya warware mata cajojin. Ga abin da ta faɗa mana, gwargwadon abin da na riƙe.

Ta ce:

Sunan aikin manajan shiri. Likita yana duba marar lafiya, injiniya yana haɗa manhaja, direba yana tuƙi. Ni aikina in tabbatar likitan da injiniyan da direban da marar lafiyar sun haɗu wuri ɗaya a rana ɗaya, kuma akwai caji.

Aikina na farko a Bebeji ne, a hannun wani Malam Tijjani. Muna raba wa ƙananan asibitoci irin manyan wayoyin nan masu faɗi, don malaman asibiti su riƙa shigar da bayanan marasa lafiya a ciki maimakon takarda. Na zo da takardar jami'a ina tsammanin tebur za a ba ni. Kwali ya ba ni. Na daɗe ina ɗaukar kwali ina bin sa a baya, kuma duk asibitin da muka je aikina in ɗaga waya sama in zaga harabar ina neman sabis. A wani wurin, sabis ɗin yana kan rufin banɗaki ne kawai. Na dawo na faɗa masa ina dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce in buɗe jadawalin aiki in rubuta tsani, in rubuta wanda zai saya, da wanda zai riƙe, da wanda zai hau. Ya ce duk abin da ba shi da mai shi a jadawali, na kowa ne, kuma na kowa ba a yin sa. Malamar asibitin ba ta hawa tsani, sai muka sa sunan mijinta. Bawan Allah yana cikin jadawalin shirin lafiya bai taɓa sani ba, shi dai ya san kullum da yamma ana tura shi saman banɗaki da waya.

Da muka koma zagaye bayan wata guda, asibiti na farko mun tarar da wayar a naɗe cikin sabon zane a ƙasan akwati, ledarta ma ba a cire ba. Malamar ta ce kayan gwamnati ne, ba za a ce a hannunta ya lalace ba. A na biyu an rufe kwanon fura da ita. A na uku maigadi ne yake kallon dambe a cikinta, kuma duk ƙaramar hukumar ba wanda ya kai shi iya sarrafa ta. Malam Tijjani ya dube shi ya dube ni, ya ce in rubuta shi a matsayin mai horarwa.

Kayan aikin kuwa ga su nan a gabanku. Fawabank ya fi kwamfuta daraja, don kwamfutar da ba caji faranti ce. Dabino na taron da aka ce za a gama kafin azahar ne. Silifas na inda mota ta ce ta gaji. Masu hulɗa da kai kuma iri biyu ne. Akwai na sama, a birni, su allo suke kallo, in ya yi kore su yi murna, in ya yi ja su kira ka. Akwai na ƙasa, su ba ruwansu da allo, so suke in sun zo su tarar da malama da magani. Kai kana tsakiya, kowane ɓangare yana zaton kai ɗan ɗaya ɓangaren ne.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce shekarar da aka fara ba ni shiri nawa na kaina, a Doguwa. Shirin mai sauƙi ne a takarda. Mace mai ciki ta yi rajista a asibiti, ta ba da lambar waya, in ranar awonta ta kusa sai na'ura ta kira ta tuna mata. Injiniyanmu wani yaro ne mai kirki a birni, sunansa Kabiru. Ya ce ba sai mun nemi wanda zai karanta saƙon ba, yanzu kwamfuta tana magana da Hausa. Ya sa mana muka ji a ofis. Murya ce ta namiji, mai taushi, kamar ta masu karanta labarai. Kowa ya yaba. Aka tura.

Sati bai cika ba allon ya yi kore shar, musamman a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, wanda ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu ina zuwa. Kabiru ya kira ni yana murna, ya ce mutanen ƙauyen nan duk suna ɗauka, suna saurara har ƙarshe, wasu ma suna ƙoƙarin mayar da kiran.

Washegari Malama Talatu, malamar asibitin ƙauyen, ta kira ni. Ta ce, "Hajiya, yau ranar awo ce, ko mace ɗaya ba ta zo ba."

Abin da ya faru shi ne, lambobin da matan suka bayar duk na mazajensu ne, don wayar gida a aljihun maigida take kwana. Akwai wani Malam Sale mai kiwon zuma, wayarsa ta lalace, ba a jin magana sai an sa ta a lasifika. Yana zaune a majalisa bayan la'asar kira ya shigo. Ya danna, sai jama'a suka ji muryar namiji, ba sallama, ba gaisuwa, tana cewa, "Hansai, gobe ne ranar awonki. Ina jiran ki da safe. Ki kula da kanki." Aka kashe.

Can sai wani ya ce, a gaskiya shi ma an kira shi jiya, ya dai yi shiru ne. Wani ma ya ce haka. Kafin magariba an gano mutum ɗaya ne yake kiran matan gari kaf, ya san sunan kowace, ya san watan cikinta. Mai unguwa ya yanke cewa ba macen da za ta sake taka asibiti sai an kawo mutumin nan gabansa.

A nan Gwaggo ta dakata, don Yaya Nura ya saki cajojin yana dariya har da riƙe ciki. Ta jira ya gama. Ta ɗauki dabino ɗaya ta duba cikinsa ko da tsutsa, sannan ta ci gaba.

Ta ce:

Ka yi dariyarka, amma Hansai ɗin nan cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Malama Talatu ta bi ta har gida ta auna ta, ta ce wannan ba na gida ba ne, ba ma na ƙaramin asibiti ba ne. Sai an kai ta babban asibiti a Tudun Wada ta zauna kusa da likita, in ba haka ba jijjiga za ta iya kama ta, a rasa ta ko a rasa ɗan. Malam Sale ya ce ba inda za ta. In ta fita yanzu, gari zai ce kiran mutumin ta amsa.

Damina ce. Mota ta tsaya a bakin rafi, na sa silifas na ɗora kwamfuta a ka na ƙarasa. Na tarar da zauren mai unguwa a cike, har da liman. Malam Sale yana gefe da sanda a kan cinya. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka amsa a gajarce.

Mai unguwa ya ce, "Hajiya, ina mutumin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu mutum."

"To wa ya yi magana?"

Na buɗe kwamfutar na ajiye a kan tabarma a gabansa. Na ce ga shi, duk abin da aka rubuta masa shi yake faɗa. Mai unguwa ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya gyara zama, don shi mutum ne mai bin ƙa'ida, ba ya yi wa baƙo shari'a bai gaishe shi ba. Ya ce, "Sannu da zuwa."

Shiru.

Ya juya ya kalli jama'a. "Kun dai gani."

Na yi sauri na rubuta mata amsa. To sabis ɗin wurin rarrafe yake, sai an aika birni an dawo. Kafin amsar ta iso mai unguwa ya riga ya wuce gaba. Ya ce, "An zo lafiya?" Na rubuta. Ya ce, "Kai ɗan wane ne?" Sai kwamfuta ta ce, da muryar nan mai taushi, "Yauwa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Tambayar ka nake. Me ke tsakaninka da matar Sale?"

Ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Mutum biyu ne suka riƙe Malam Sale. Ni kuwa na rufe kwamfutar na tura ta bayana.

Liman ne ya ceci zaman. Ya ce shi ya fahimta. Wannan abu ba shi da uwa ba shi da uba, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa gaisuwa, don haka ba shi da laifi. Laifin na wanda ya aike shi gidajen mutane ne. Duk aka juyo ana kallo na. Na ce haka ne, a yi haƙuri, yau ɗin nan za a cire shi. Na roƙa a bar Hansai ta tafi.

Malam Sale ya ce, "Ni a gaban jama'a aka kira matata. In ana so ta fita, a gaban jama'a za a sake kira, kuma mai kiran ya zama wanda ya isa."

Mai unguwa ya ce magana ta yi. Ya tambayi zauren, wa ya isa ya kira gidan kowa ya ba da umarni ba a ce don me ba? Aka ce liman. Liman ya ce shi ba ruwansa da maganar awo. Aka ce mai unguwa. Ya ce shi ma namiji ne. Ana cikin haka sai wata murya ta fito daga bayan katanga ta ce, "Ku gama kewaye-kewayenku, ina nan."

Iya Kande ke nan, tsohuwar ungozomar garin. Duk wanda ke zauren, in ka cire liman da ya zo daga wani gari, ita ta yanke masa cibiya. Tun farkon zaman tana bayan katangar tana ɓarar gyaɗa.

Ɗaukar muryar Iya shi ne aiki mafi wuya da na taɓa gudanarwa, kuma na yi aiki da ma'aikatu. Muka zauna a gindin wata ɗorawa inda sabis ya ɗan fi. Na ce, "Iya, gidan Malam Sale ga shi can. Mu je kawai ki faɗa masa da baki."

Ta ce, "'Yar nan, an ce cikin waya zan shiga. Cikin waya zan shiga."

Na miƙa mata wayar. Ta ce ita ba ta magana da abin da ba shi da ido. Na kira direbanmu, wanda ya iso a jiƙe daga rafi, na zaunar da shi a gabanta a matsayin maigidan da ake kira. Ta dube shi sama da ƙasa ta fara. Ta yi sallama, ta tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da gona, da dabbobi, da jikin tsoho. Ba ta kai ga maganar awo ba wayar ta yanke, don Kabiru ya tsara saƙon kada ya wuce rabin minti.

Na kira shi. Ya ce, "Hajiya, tsarin ba ya ɗaukar fiye da haka. Ta rage gaisuwar."

Iya ta ce in ba ta shi. Ta kara a kunne a juye, na gyara mata. Ta ce, "Kai ne mai yaron nan marar kunya na cikin waya? To ɗan nan, uwarka da ta haife ka, a rabin minti ta yi?"

Ban ji amsarsa ba. Na dai ji ya ce a ba shi lokaci kaɗan, zai buɗe.

Muka sake ɗauka. Carar zakara ta shiga ɗaukar farko. A ta biyu ta manta ta koma yi wa direba faɗa kan bai aske gemu daidai ba. A ta uku na lura da wani abu: tana jero gaisuwa ba ta barin wurin amsa, don direban tsoro ya hana shi buɗe baki. In aka tura haka, za a ce ita ma ta koyi halin na'ura. Na ce masa ya riƙa amsawa a zuci yana gyaɗa kai, ita kuma ta jira shi. Shirun da ke tsakanin gaisuwa da gaisuwa, shi muka fi daɗewa muna gyarawa. In ya yi gajere an katse mutum, in ya yi tsawo a ce Iya ta yi fushi. Wannan ba ya cikin abin da aka koya mini a jami'a, ba ya cikin na Malam Tijjani ma.

Bayan la'asar aka koma majalisa. Malam Sale ya zauna a inda ya zauna ran nan. Mu muna gindin ɗorawa, muna hango su suna hango mu. Na ce wa Kabiru ya tura. Saƙon ya tafi birni ya dawo, ya shiga aljihun mutumin da in na ɗaga murya zai ji ni.

Wayar ta yi ƙara. Ya danna lasifika.

"Salamu alaikum. Kande ce."

Malam Sale ya sauko daga kan benci ya durƙusa. "Wa alaikumus salam, Iya. Ina wuni?"

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Iya."

"Ya iyali? Ya ruwa?"

Yana amsawa yana satar kallon gindin ɗorawa, inda Iya take zaune bakinta cike da gyaɗa, ko kallon sa ba ta yi.

Wayar ta ce, "To ka ji. Yarinyar nan da ke gidanka, lokacin awonta ya yi. Ka tashi ka kai ta da kanka. In malama ta ce a wuce gaba, a wuce gaba. Ni na san ranar da aka haife ka, na san wuyar da uwarka ta sha, kar ka sa in faɗa a cikin mutane. Kar kuma ka sa in zo."

Ya ce, "To, Iya. In sha Allahu, Iya." Ya ci gaba da durƙuso har wayar ta mutu.

A motarmu aka tafi da Hansai. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara suka haye rafin da ita, Malam Sale yana gaba yana cewa a yi a hankali. A Tudun Wada likita ya ce da an ƙara kwana biyu da labarin ya canza. Aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace, duk suka rayu. Ni kuma na koma ofis na rubuta rahoto. A gurbin matsalar da aka fuskanta na rubuta rashin gaisuwa. Aka dawo mini da shi daga birni aka ce in yi bayani da harshen aiki.

Daga nan muka bi gari-gari muna neman tsohuwar kowane gari. Wata ta ce sai an saya mata tabarau kafin ta yi magana. Wata ta ƙi yarda a goge tarin da ta yi a tsakiya, ta ce da shi ake gane ta. Shirin da aka tsara wa wata uku ya ci shekara, allon birni ya daɗe yana ja, kuma ranar awo benci ba ya isa.

Da damina ta zagayo Allah ya yi wa Iya Kande rasuwa. Na je ta'aziyya, kuma na je da aiki, don a ƙa'ida sai na nemi izini ko a cire muryar ko a bar ta. Muna zaune a zauren mai unguwa, an yi addu'a an shafa, ina neman ta inda zan fara, sai wayar ɗansa ta yi ƙara. Matarsa na da ciki. Yaron ya duba, ya rasa yadda zai yi, ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Kande ce."

Zauren gaba ɗaya ya amsa sallamar. Ta tambayi gajiya, aka ce ba gajiya. Ta tambayi ruwa, aka ce ya yi gyara. Ba wanda ya motsa har ta gama, ta ce kar a sa ta zo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dama maganar da ta kawo ni ke nan. In ana so a cire, yau za a cire."

Mai unguwa ya kalli liman. Liman ya ce malaman da suka rasu ma ana sa karatunsu a rediyo, kuma ladan yana isa gare su.

Mai unguwa ya ce, "A bar ta, Hajiya. Tana da rai ma ba wanda ya iya hana ta magana." Sannan ya juya wajen ɗansa. "Kai kuma me kake jira? Ba ka ji abin da aka ce maka ba?"